Kwalin Ramatu Ya Dawo Daga Sama

Tun da na dawo ban samu sakewa ba a depo, shagona na magani. Mutum zai shigo wai yana son maganin tari, in na miƙa masa sai ya jingina da kanta ya ce, to Haruna, yaya can ɗin? Wani ma ba ya sayen komai, benci kawai yake ja ya zauna. Ranar kasuwa har wani Bafulatani da ke sayen maganin zazzaɓi a wurina ya tambaye ni ko da gaske ne na taka wata. Ban taka wata ba. Jamus na je, kuma ƙafata ba ta rabu da ƙasa ba sai cikin jirgi. Amma na ga abin da ya je sama ya dawo, na sa idona a kansa. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa guntun ya ƙara masa gishiri, shi ya sa na zauna in faɗe shi daga farko.

Ramatu ƙanwata ce, ita ce autar Inna. A nan Dogon Dutsi ta yi lise, wato sakandare, ta wuce jami'a a Yamai, daga can aka ba ta karatu a Jamus. Da ta gama sai wani ƙaramin kamfani ya riƙe ta. Tun tafiyarta sau ɗaya ta zo gida, lokacin rasuwar Baba, ba ta kuwa daɗe ba. Takan turo wa Inna saƙon murya, ni ke kunna mata. Wata rana cikin saƙon ta ce aiki ya yi mata yawa, don suna shirin aika magani sama. Inna ta sa na maimaita wurin. Kafin sati ya zagayo maganar ta gama unguwa, har wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce ita dai a saninta, a ƙasar Arewa, masu aika abu sama su ne masu hulɗa da iskoki. Inna ba ta yarda da wannan ba, amma barci ya ƙaurace mata.

Da Ramatu ta aiko min da gayyata in je in ga wurin aikinta, Inna ta kira ni ɗakinta. Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Ta ce, “Kai, ka tahi ka gano min da idonka mi yarinyar ga taka yi. In ka gani, ka ce mata ta taho gida. Na tsuhwa. Ba ni son a hwaɗa mata labarina ta waya.”

Na ce to. Biza ta ci watanni, har na fid da rai, sannan ta fito.

Rabin jakata kayan Inna ne: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, da kilishi da ta sa aka yi musamman. Bayan sallar asuba na shiga kar, babbar motar fasinja mai zuwa Yamai. A Kore Mairuwa na hango kawunmu tsaye bakin titi da buhun gujjiya cikakke, wai in kai wa ɗiyarsa. Na yi ta yi masa bayanin cewa jirgi yana auna kaya, shi kuma yana cewa ai jirgi ya fi kar ƙarfi. Direba na ta danna oda. A ƙarshe na cika aljihuna biyu da gujjiya, na bar shi yana girgiza kai. A wani shinge bayan Doso, jandarma ya ga sabon fasfo a hannuna ya tambaye ni ina zuwa. Na ce Jamus, wurin ƙanwata mai aika magani sama. Ya dube ni, ya dubi fasfon, ya miƙo min da sauri ya ce Allah ya ba ni lafiya.

A jirgi na zauna kusa da wani Alhaji Bazabarme mai fataucin tufafi, wanda ya saba da hanyar Istanbul kamar yadda na saba da hanyar masallaci. Shi ya ɗaura min bel, shi ya nuna min yadda ake buɗe tiren abinci. Muna tsakiyar tafiya jirgin ya yi wani irin faɗawa, na ji hanjina ya taso har maƙogwaro, cokalina ya ɗaga daga tire. Na damƙe hannun Alhaji ina salati. Shi kuwa bai ma daina tauna ba, ya ce rami ne, sama ma tana da ramuka irin na hanyar Dogon Kiriya.

A Istanbul muka rabu. Filin jirgin nan gari ne guda mai rufi. Akwai wata hanya da ke tafiya da kanta, ka tsaya ta kai ka. Shiga ba wuya, fita ce ta kusa kayar da ni gaban jama'a.

Iyakar Jamus ba igiya ba ce da ganga irin tamu, ɗan ɗaki ne na gilashi da ɗan sanda a ciki. Ya yi min tambayoyi da Faransanci mai tauri, ya duba gayyatar, ya buga hatimi. Na ɗauka na tsira. Ina jan jakata sai ga wata 'yar duwan, masu binciken kaya, da kare. Karen ya zo ya zauna daidai gaban jakata yana kallona, ni kuma ina janye rigata kada ya taɓa ta. Aka kai ni gefe aka buɗe. Kilishi suka fara cirewa. Matar ta yi min bayani cikin ladabi cewa nama ba ya shiga ƙasarsu, ko na wane ne. Ina kallo aka jefa kilishin Inna cikin wani bokiti. Sai ta kwance ƙullin daddawa. Ta ja da baya, ta kira abokin aikinta, shi ma ya sunsuna ya ja da baya. Faransancina ya ƙare, ban san yadda zan ce kalwa ba. Na gutsuri kaɗan na sa a baki na tauna ina kallonsu. Suka dubi juna, suka ƙulle min abata suka ce in tafi.

Ramatu na jira a waje cikin hijabi da wata doguwar rigar sanyi. Ta rame. Nan tsakiyar Turawa ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi Inna, ta tambayi matata da yara da kawu, har da akuyar gidanmu. Da na ba ta labarin kilishi ta yi ta dariya har hawaye, daga baya na lura dariyar ta ƙare amma hawayen bai tsaya ba.

Tana haya a saman gidan wata tsohuwa, Madam Inge, wadda ta ba ni wani ɗan ɗaki kusa da na Ramatu. Birnin yana arewacin ƙasar, gefen wani kogi. Abin da ya fara damuna shi ne shiru. Unguwa cike da mutane, amma ba kukan yaro, ba rediyo, ba mai talla. Gaisuwarsu kalma ɗaya ce, kafin ka tambayi gajiya mutum ya yi nisa. Shara ma sai an raba ta gida-gida, takarda daban, kwalba daban, ɓawon abinci daban, kuma Madam Inge takan leƙa ta ga ko na yi daidai. Da daddare burodi mai sanyi suke ci da cuku. Ruwan da na fara sha a gidan kuwa mai gas ne, na kurɓa da yawa don ƙishirwa, ya fito min ta hanci.

Rana kuma ta ƙi faɗuwa. Lokacin zafinsu ne. Na yi la'asar na zauna jiran magariba, na jira, na gaji, na yi gyangyaɗi na farka, rana na nan. Ramatu ta ce in daina duban sama, in dubi waya. Ni da na tashi ina sanin lokacin salla da inuwar katangar gidanmu, sai ga shi waya ke gaya min.

Ranar da Ramatu ta kaɗa miyar kuka da daddawar Inna, Madam Inge ta hawo da sauri, ta ɗauka bututun ban-ɗaki ne ya fashe. Ramatu ta zaunar da ita ta zuba mata tuwo. Tsohuwar nan ta cinye ta nemi ƙari, kuma da hannu, yadda ta ga ina yi.

Kamfanin nasu bai kai yadda na zata ba. Hawa ɗaya ne cikin wani dogon gini, mutanen ba su fi cikin mota guda ba. Shugabansu, Martin, dogo ne mai furfura, a kan keke yake zuwa, shi ke dafa kofinsa ya kuma wanke kofin da kansa. Na daɗe ina neman patiron, wato maigidan wurin, kafin in gane shi ne wanda ya riƙe min ƙofa. Kafin in shiga labo, ɗakin gwaje-gwajensu, aka sa min farar riga da hula da safar hannu, aka kuma ɗaura wa gemuna wata 'yar raga. Ramatu ta ɗauke ni hoto, na ce in ya isa Dutsi ba ni ba ita.

A nan ta yi min bayanin aikin, da Hausa, a hankali. Akwai magungunan manyan cututtuka, irin su ciwon daji, da ba a iya ba mutum sai ta ƙarin ruwa. Sai ya je babban asibiti, ya kwanta, a sa masa ya yi awoyi. Kuma dole maganin ya zauna cikin sanyin firigo tun daga inda aka yi shi. Wannan na san shi sarai, don na sha zubar da allurai a depo in wuta ta ɗauke ta daɗe. Ta ce in aka iya sa maganin ya daskare ya zama ƙananan ƙwayoyi kamar na gishiri, duk girmansu ɗaya, to ana iya mai da shi allura guda da za a yi wa mutum ya tashi ya tafi, wataƙila ma ya jure zafi fiye da da. Matsalar ita ce a duniya ƙwayoyin ba sa fitowa daidai. Ta ce in tuna fura in an dama an ajiye, gari ya kwanta ƙasa, ruwa ya taso sama. Haka nauyi ke yi wa komai, yana ja, yana rabawa, yana motsa ruwa ko ba ka taɓa shi ba. A tashar da ke kewaya duniya a sama kuwa babu abin da ke kwantawa. Inda ka bar abu nan yake tsayawa, sai ƙwayar ta girma a natse ta kowane gefe.

Ta nuna min irin kwalin da suke aikawa. Bai fi kwalin takalmi ba. Na tambaye ta ko tashar tasu ce. Ta yi dariya ta ce haya suke yi, kamar yadda ake kama rumfa a kasuwa, roka ma kuɗin mota suke biya.

Na ce, to me ya hana tashar faɗowa? Ta ce ai faɗowa take yi, kullum, dare da rana, sai dai gudunta ya sa kafin ta iso ƙasa, ƙasar ta lanƙwashe ta kauce mata. Kuma duk abin da ke cikin faɗuwa ba ya jin nauyinsa. Ta ce abin da na ji a jirgi lokacin da cokalina ya tashi, shi ne ɗanɗanonsa. Na ji maganar amma kaina bai ɗauka ba.

Martin ne ya ce a kai ni in gani. A gefen birnin akwai wata hasumiya siririya, fara, ta fi duk wata hasumiyar masallaci da na taɓa gani tsawo nesa ba kusa ba. Ba wanda ke zaune cikinta, ba a kiran salla, ba a ajiye komai. An gina ta ne don a riƙa sako abu daga sama ya faɗo. Cikinta bututu ne, sai a zuƙe iskar da ke ciki kaf, a saki wata tukunyar ƙarfe mai tsawon mutum, ta faɗo cikin rami cike da ƙananan ƙwallayen roba. Wani abokin Martin ya bar mu muka zauna ɗakin da ake kallo. A ranar wasu ɗalibai ke gwaji. A allo muna ganin cikin tukunyar, an ɗaure wata kwalba rabinta jan ruwa, kwance lafiya kamar kowane ruwa.

Aka ƙirga da Jamusanci, aka saki.

Ruwan nan ya tashi. Ina kallo ya hau bangon kwalbar ta ko'ina, ya rufe sama, iskar da ke kansa ta dunƙule ta koma tsakiya ta tsaya, mulmulalliya kamar ƙwai. Ba sama, ba ƙasa. Kafin mutum ya gama karanta Fatiha sai muka ji dum a tafin ƙafafunmu, ruwan ya faɗi ya koma yadda yake.

Ɗaliban suka ci gaba da danne-dannensu. Ni kuwa na kasa sakin hannun kujera. Tun da aka haife ni ruwa ƙasa yake nema. A kan haka muke haƙa rijiya, a kan haka muke gyara indararo kafin damina. Ban taɓa tunanin cewa umarni ne yake bi ba, kuma akwai inda aka ɗauke masa umarnin. Na yi ta tasbihi a zuci. Na roƙa a sake nuna min, aka mayar da hoton a hankali, na kalla har sai da na ji kunyar sake roƙo.

A hanyar komawa na tambayi Ramatu abin da ke cina tun daga gida, ko wannan aiki ba shiga hurumin Ubangiji ba ne. Ba ta yi fushi ba. Ta ce, “Yaya, ba mu halicci komai ba. Wurin da Allah ya ɗauke nauyi muka samu, muka kai kayanmu muka ajiye. Shi ke sa su zama abin da suka zama.”

Cikin satin aka yi wani baje koli na masu wannan harka, ta tafi da ni. Na sa babbar riga ta shadda da hula, don ban san a je taro da ƙananan kaya ba. Zauren ya fi filin ƙwallo. Ina shiga na gane inda nake, kasuwa ce. Ga masu rumfa, ga masu zagayawa, ga dillalai. Wasu na sayar da wuri cikin roka, wasu na ƙera kwalayen, wasu aikinsu kawai su dawo maka da kayanka ba tare da sun yi zafi ba. Na ga masu ƙoƙarin shimfiɗa wani siririn abu da suke fatan a sa a idon wanda ya makance. Na ga masu renon guringuntsin gwiwa, sun ce a duniya ƙwayoyin jiki shimfiɗewa suke yi a gindin kwano, a can kuwa sai su dunƙule su yi kama da yadda suke cikin mutum. Har da masu aika irin shuka. Mu a Dutsi da nauyi muke ciniki, a ɗora a sikeli a biya. Su kuma biya suke yi don a cire nauyin.

Babbar rigar ta jawo min. Wata mata 'yar Italiya mai jin Faransanci ta tare ni, ta zaunar da ni kan kujera mai laushi, ta kawo kofi da biskit, tana ta kirana ekselansi. Ashe ta ɗauka wani attajiri ne ya zo zuba jari. Na biye mata, don ɗan kasuwa ba ya ƙin jin farashi. Na ɗaga wayata na ce wuri kamar wannan nawa ne, zuwa da dawowa. Ta faɗa. Na ce ta maimaita, na zaci Faransancin ne ya ruɗe ni. Ta maimaita. Na ajiye kofin a hankali, na yi mata godiya, na ce zan yi shawara.

Duk wannan lokaci ban isar da saƙon Inna ba. Kullum sai in ce gobe. Ramatu ce ta riga ni. Muna dawowa daga baje kolin cikin jirgin ƙasa na cikin gari, ta gaya min cewa kwalinsu yana sama tun kafin in zo, ya yi makonni a tashar, an sako shi da lema ya faɗa teku, yanzu yana hanya. Wannan ne karo na biyu. Na farko wani bututu ya yi yoyo, komai ya lalace, aikin shekara ya tafi. Masu ba su kuɗi sun ce daga wannan ba ƙari. Sai ta dube ni ta ce, “Na san abin da Inna ta aiko ka. In wannan bai yi ba, ba sai ka roƙe ni ba, Yaya. Tare za mu koma.”

Ban taɓa shiga irin wannan hali a kan sallaya ba. In na roƙa mata nasara, na roƙa wa Inna rashin ɗiyarta. In na roƙa ta dawo, na roƙa abin da ta ƙare ƙuruciyarta a kai ya rushe. Na ɗaga hannu na rasa abin cewa. Da ƙyar na ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, kuma ko a lokacin ban san wanne zuciyata ke so ba.

Wata safiya aka kawo kwalin cikin wata akwatin sanyi, mutum biyu na riƙe da ita kamar masu ɗauke da jariri. Ni aka tsayar da ni bayan gilashi. Ramatu ce ta buɗe. Kwalin ya ɗan ƙoƙƙoje a gefe, ban da haka ba abin da zai nuna maka inda ya je. Na yi ta kallonsa ina cewa a raina, wannan ya kewaya duniya, ya bi ta kan Makka, wataƙila ya bi ta kan rufin ɗakin Inna.

Ta ciro 'yan kwalabe sirara kamar yatsa, ta ɗiga na farko ta sa a na'urar da ke girmama ƙananan abubuwa. Allon ya nuna wani abu dagwalgwale kamar kunun da ya kwana. Na biyu ma haka. Martin ya cire tabarau yana murza ido. Ramatu ta tsaya, ta ja numfashi, na ga leɓenta na motsi. Ta sa wani.

Ta daɗe a sunkuye ba ta ɗago ba. Sai Martin ya dubi allon, ya ja da baya, ya zauna daɓas a ƙasa da farar rigarsa.

Ita ta fito ta kamo hannun rigata ta shigar da ni, ba ta ma tuna da ragar gemu ba. Ta fara nuna min wanda aka yi a nan duniya don a gwada: tarkace ne, manya da ƙanana, kamar an fasa kwalba an share wuri guda. Sannan ta sa na sama. Na sa ido. Ƙwayoyi ne jere, ba iyaka, kowace kamar 'yar'uwarta, gefensu a miƙe kamar an yanka da reza, haske na ratsa su yana fitowa shuɗi da ruwan zinariya. Ba hannun da ya jera su. An dai kai su inda ba abin da ke jan su, suka zama haka. Ban san tsawon lokacin da na yi a sunkuye ba, sai da na ji ragowar mutanen na jira.

Wasu kwalaben sun lalace, amma waɗanda suka yi sun isa. Suka buɗe lemon tuffa saboda mu biyu, Martin ya rungume kowa, ni ma ban tsira ba. Da hayaniyar ta lafa na tambaye shi, Ramatu na fassarawa, yaushe wannan allura za ta iso irin depo nawa, ko likitar Dogon Kiriya, ƙaramin asibitin can. Bai yi min daɗin baki ba. Ya ce da sauran gwaji na shekaru, kuma yana iya ƙi. In ya yi, manyan kamfanoni ne za su saya, masu kuɗi ne za su fara samu. Fatansu shi ne su koyi sirrin a can sama, su dawo su kwaikwaya a ƙasa, a nan ne zai yi araha. Ramatu ta ƙara da nata, da Hausa, ta ce ba ta sani ba ko Inna za ta gani, ko ma mu.

Da yamma a ɗakinta na isar da saƙon, kalma da kalma yadda aka ba ni, har da maganar waya. Ta rufe fuska da hijabinta ta yi kuka sosai. Ban hana ta ba. Da ta natsu ta ce za ta zo bayan kaka ta yi wata guda, wannan alkawari ne, amma ba za ta iya barin aikin yanzu ba. Ta tambaye ni me na gani. Na ce an aiko ni in gani in faɗa, kuma zan faɗi abin da na gani.

Dawowa ba ta da labari, sai nauyin zuciya. Madam Inge ta ba ni cakulan in kai wa yara, ya narke tun a Yamai. Da kabu-kabu ya sauke ni ƙofar gida, Inna na zaune a zaure. Ba ni ta duba ba, bayana ta duba.

Na zauna na ba ta labari tun daga kilishi har ƙwayoyin, tana tsintar wake ba ta ɗago ba. Na nuna mata hoton, ta ce idonta ba ya gani. Na faɗi alkawarin kaka. Ta ce, “Ka gama?” Na ce na gama. Ta ɗauki tirenta ta shige. Kwanaki bayan nan, in na gaishe ta takan amsa, daga nan ba ƙari. Saƙon Ramatu ma ta ce kada in kunna.

Ana nan sai Ramatu ta rubuto min cewa tashar za ta bi ta kan Dutsi bayan magariba, in dubi yamma. Da na dawo daga masallaci na ce wa Inna ta fito ta ga wani abu. Ta ce gwiwoyinta na ciwo. Na fita tsakar gida ni kaɗai. Can sai na ji takunta a bayana.

Tashar ta fito daga yamma kamar yadda aka ce, tauraruwa mai haske, ba ta ƙyaftawa, ba ta da ƙara, tana tafiya a natse ta ratsa sauran taurari. Na nuna mata. Inna ta ɗaga yatsa ta bi ta, ta bi ta, har ta dushe ta ɓace ta wajen gabas. Ba ta sauke hannun nan da nan ba.

Ta tambaye ni ko can ne kayan yarinyar suka je. Na ce can ne. Ta ce da mutane ciki? Na ce akwai, sukan yi watanni ba su sauko ba.

Ta ce, “Suna da uwaye?”

Na ce suna da su.

Ta sauke hannun. Sannan ta ce, “Allah shi ba su haƙuri.” Ta juya za ta shiga ɗaki, ta tsaya bakin ƙofa ba ta waiwayo ba. “Ka hwaɗa mata, in za ta sake aika kaya, ta sanar da ni tun da wuri in yi sadaka. Kuma ka ce mata gero ya hwara nuna.”